Zaɓen Fanel da Ɗaure Kebul ɗin Intanet Yadda Ba Zai Riƙa Yankewa Ba

Idan intanet na yankewa a ofis, kamfanin da ke kawo shi ake fara zargi, sannan a koma kan suwic, na'urar da ke rarraba layi zuwa kwamfutoci. Sau da yawa kuwa laifin na can a santimita biyun ƙarshe na kebul, wurin da aka feɗe rigarsa aka ɗaure wayoyin. Kebul ɗin da aka bi da shi ta bango ko ta silin, wayoyinsa takwas kowace silin jan ƙarfe ɗaya ce mai tauri. Tana kai sigina nesa, amma ba ta jure lanƙwasa da yawan taɓawa. In ka matse mata kan RJ45, wato filogin roban da ke bakin kebul ɗin intanet, ka cusa ta kai tsaye a suwic, duk ranar da aka ja kabad ko aka sauya kafa sai ta motsa, har wata rana ta karye a cikin kan ba tare da ido ya gani ba.

Aikin fanel ke nan, allon ƙarfen nan mai jerin kafofi da ake ɗaurawa a rak, wato kabad ɗin da ake jera na'urorin sadarwa. Kebul mai tauri ya zo ta baya, a danne shi sau ɗaya, a ɗaure, kada ya sake motsi. Ta gaba kuma gajerun kebul masu laushi, waɗanda wayarsu siraran zaruruwa ne a murɗe, su ne ke shan wahalar cirewa da mayarwa. In ɗaya ya lalace, a jefar a sa wani.

Kebul tukuna, kafin fanel

Fanel ba ya gyara kebul mara kyau, don haka daga nan za a fara. Kebul aji-aji ne. Ajin Cat5e an gwada shi zuwa megahaz 100, yana ɗaukar gigabit ɗaya har mita 100, kuma tun da aka fitar da ƙa'idar IEEE 802.3bz a 2016 yana iya ɗaukar gigabit 2.5. Cat6 na kaiwa megahaz 250, yana ɗaukar gigabit 10 amma a gajeren zango, mita 55 in yanayi ya yi kyau, ƙasa da haka in kebul ya cunkushe wuri ɗaya. Cat6A na kaiwa megahaz 500, gigabit 10 har mita 100. Ga ofis ko makaranta ko asibiti mai matsakaicin girma, Cat6 ya wadatar wa tebura. Cat6A a kai shi kawai inda ake sa ran na'urorin Wi-Fi masu ƙarfi ko tsakanin rak da rak, domin ya fi kauri, ya fi tsada, ya fi wuyar lanƙwasawa.

Mita 100 ɗin nan ba duka na bango ba ne. Ƙa'idar TIA-568 ta ba kebul ɗin da aka binne mita 90, daga bayan fanel zuwa soket ɗin bango, sauran 10 kuma na gajerun kebul ne na ɓangarorin biyu a haɗe. Kuma wannan lissafin na digiri 20 ne a ma'aunin Salshiyas. Jan ƙarfe na ƙara rage ƙarfin sigina in ya yi zafi. A digiri 40, mita 90 ɗin kan sauko kusan 84 ga kebul mara sulke, wato wanda babu rufin ƙarfe a cikin rigarsa. A digiri 60, kusan 75. Wanda ya taɓa leƙa tsakanin silin da kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya san wannan ba zancen takarda ba ne. In layin zai bi ƙarƙashin kwano, kada ka kai shi bakin iyaka.

Sai babbar matsalar kasuwa, kebul ɗin da ake kira CCA: alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe. Kwalinsa na iya ɗauke da rubutun Cat6 ɓaro-ɓaro, amma ƙa'idar ba ta yarda da shi a kowane aji ba. Yana da saurin karyewa a haƙoran fanel, kuma turjiyarsa ga wuta ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, abin da ke sa kyamarar da ke shan wuta ta kebul ta riƙa mutuwa da dare idan fitilunta suka kunna. Gane shi ba wuya. Ka kankare waya ɗaya da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyam ne. Kwalinsa ma ya fi sauƙi a hannu. In kana da na'urar auna turjiya, ka haɗa bakin tagwai ɗaya, wato wayoyi biyun da aka murɗe tare, a can ƙarshen, ka auna daga nan: a mita 100 na jan ƙarfe mai kaurin 24 AWG (ma'aunin kaurin waya ne, ƙaramar lamba ta fi kauri) bai kamata ya wuce om 19 ba, na 23 AWG kuma ƙasa da haka.

Wane fanel

Iri uku za ka tarar. Na farko shi ne na dannawa, wanda kafofinsa ke manne a allo ɗaya, bayansa kuma jerin haƙoran da ake cusa waya. Shi ya fi araha a kowace kafa, kuma yana da ƙarko. Aibinsa biyu: aikin a tsaye ake yinsa a bayan rak cikin matsi, kuma in kafa ɗaya ta lalace ba a sauya ta ita kaɗai.

Na biyu shi ne fanko, allo mai ramuka da ake cusa wa jak ɗin kiston, wato ƙananan kafofi masu zaman kansu, ɗaya bayan ɗaya. Kana ɗaure kowane jak a hannunka ko a kan tebur, ka gwada shi, sannan ka maƙala. In ya mutu, shi kaɗai za ka cire. Kana iya gauraya Cat6 da Cat6A da faiba, wato kebul ɗin zaren gilashi, a allo guda, kana iya bambanta launi, misali ja na kyamara, shuɗi na tebura. Ga wanda ba kullum yake wannan aikin ba, da kuma ginin da zai riƙa ƙaruwa, wannan ne zaɓin da ya fi hankali. Abin lura kawai, wasu jak ɗin Cat6A suna da faɗi, ba sa jeruwa 24 a allon wani kamfanin. Ka sayi jak da allo daga kamfani ɗaya, ko ka gwada uku a jere kafin ka biya kuɗin kwali.

Na uku shi ne mai kafa gaba da baya, wanda ake matse wa kebul kan RJ45 a cusa ta baya. Yana da daɗin kallo, yana da sauri, amma ya mayar da kai kan abin da ka gudu: kan da aka matse da hannu a kan waya mai tauri. A bar shi ga ƙaramin rak na gida ko inda kebul ɗin ya zo da kansa daga masana'anta.

Ajin fanel dole ya yi daidai da na kebul ko ya fi shi. Layi yana komawa ajin mafi rauni a cikin kayansa, don haka Cat6 a kan fanel ɗin Cat5e layin Cat5e ne. Ka duba kuma cewa akwai sandar tallafe kebul a baya. Masu arha kan zo babu ita, sai nauyin damin kebul ya rataya a kan haƙoran.

Batun sulke kuwa, kada kwalliyarsa ta ruɗe ka. Kebul mai sulke yana buƙatar jak mai sulke, fanel mai sulke, da rak ɗin da aka haɗa da wayar ƙasa ta gini da waya mai kauri, galibi 6 AWG, wato kusan 13 mm². In ginin ba shi da wayar ƙasa ta ƙwarai, kuɗin sulken asara ne. Sai a masana'anta, kusa da manyan injina, ko inda aka tsara Cat6A mai sulke tun daga zane. Tsakanin gini da gini kuma kada a ja jan ƙarfe ko da mai sulke ne. Tsawar damina ɗaya na iya cinye suwic biyu. Faiba ce maganin wannan.

Faɗin rak inci 19 ne, kowane hawa da ake kira 1U milimita 44.45. Kafa 24 a 1U ita ce mai daɗin aiki. Akwai mai 48 a 1U, amma yatsa ba ya shiga tsakani, lakabi ma ba ya samun wuri. Wajen ƙidaya, ka ba kowane tebur kafa biyu. A ce tebura 14 ne, kafa 28 ke nan. Kyamara 4, na'urar Wi-Fi 3, firinta 1, jimla 36. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na gaba, 45. Fanel biyu masu 24. In matsakaicin nisan layi mita 35 ne, da rarar da za a bari a ƙarshen kowanne, layuka 36 ɗin na neman kusan mita 1,380, kwali biyar ke nan tunda kowane kwali mita 305 ne. Guntayen da suka rage ba a haɗa su a yi layi ɗaya.

Jan kebul

Nan ba sai an daɗe ba. Kada ƙarfin ja ya wuce niyuton 110, kwatankwacin nauyin kilo 11. Kada lanƙwasa ta fi ninki huɗu na kaurin kebul tsanani, wato kusan santimita biyu da rabi ga Cat6. In ya ƙulle ya yi gwiwa yayin fita daga kwali, a tsaya a warware, kada a fizge. Kada ya shiga bututu ɗaya da wayar wuta, in dole su haɗu su gicciye juna. Kada bututu ya cika fiye da kashi 40 cikin 100. A silin a sa shi cikin bututu saboda ɓera. A bar rarar kusan mita 3 a wajen rak, santimita 30 a bayan soket, sannan a rubuta lamba a ƙarshen biyu tun kafin a ja, ba bayan an gama ba.

A ko B

Jerin launi biyu ne, T568A da T568B, kuma a aiki babu wanda ya fi wani. Sharaɗin kawai shi ne ginin duka ya bi ɗaya. B ya fi yawa a ofisoshi. Jerinsa a kan fin, wato ƙananan ƙarafan da ke bakin kan RJ45, daga na 1 zuwa na 8: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A kuwa ruwan lemo da kore ne kawai suka yi musayar wuri. In ka tarar da tsohon aiki a ginin, buɗe soket ɗaya ka ga abin da aka bi, ka ɗora a kai.

Wannan jerin na kan RJ45 ne. A bayan fanel da jak, kamfani ya riga ya karkata hanyoyin a ciki, saboda haka jerin haƙoran ba ya bin 1 zuwa 8. Bi zanen launin da ke manne a jikin abin da ke hannunka, layin da aka rubuta B, ko da ya saɓa wa abin da ka haddace. Kamfanoni biyu na iya jera nasu daban.

Ɗaurewa

Kayan aikin: abin feɗe riga mai zagayawa, almakashin waya, madanni mai sifirin, maɗaurin Velcro, lakabi, da testa. Bakin madanni iri biyu ne, 110 da Krone, kuma ba sa maye gurbin juna. Bakin 110 a kan haƙoran Krone yana buɗe su, su daina kama waya. Wasu fanel suna karɓar duka biyun, kuma sukan rubuta hakan. Sukudireba ko bayan wuƙa ba madanni ba ne.

Ka fara da jera kebul bisa lamba, ka raba su gida biyu: 1 zuwa 12 su shigo ta hagu, 13 zuwa 24 ta dama, yadda kowane zai iso kafarsa ba tare da ya hau kan wani ba. Auna kowane a kan kafarsa kafin ka yanke.

Feɗe riga kusan santimita 4 zuwa 5. Zagaye ɗaya ya isa, ka tsaga rigar kawai, sannan ka lanƙwasa ta ta ɓalle. Duba wayoyin a daidai wurin yankan. In ka ga jan ƙarfe na ƙyalli, ko da ɗigo ne, yanke ka sake. Wannan tabon shi ne wurin da za ta karye bayan wata shida. Yanke zaren da ke ciki, da robar tsakiya mai siffar gicciye da ke raba tagwayen a Cat6, dab da bakin riga, ba tare da almakashi ya shafi waya ba.

Yanzu wurin da aikin yake. Kowane tagwai an murɗe shi ne da gangan, kuma kowanne da yawan murɗinsa daban. Sigina na tafiya a wayoyin biyu da kishiyar fuska, hayaniyar waje kuma na faɗa musu daidai wa daida, sai na'ura ta soke ta. Inda ka warware murɗin, wannan kariyar ta ƙare, siginar wani tagwai ta fara kutsawa cikin na kusa da shi. Ƙa'ida ta ce kada warwarar ta wuce milimita 13, ga Cat6 da Cat6A kuwa gara ka tsaya a rabin haka. Hanyar da ta fi: kada ka warware tagwai daga baki. Kai shi a murɗe har kan haƙoransa, ka buɗe murɗi ɗaya da farce daidai inda tsinin robar da ke tsakanin haƙoran biyu zai shiga, ka zaunar da shi a kai. In launin ya zo a juye, ƙara rabin murɗi, kada ka rage. Rigar kebul ta iso dab da haƙoran, kada a bar tagwaye tsirara santimita uku a baya.

Kada ka feɗe robar kowace waya. Haƙoran an yi su ne su tsaga robar da kansu su ciji jan ƙarfen, cizon da iska ba ta shiga, shi ya sa ba ya tsatsa. Wayar da aka feɗe ba ta samun wannan riƙon.

Zaunar da takwas ɗin da yatsa, ka sake duba launi, sannan ka ɗauki madanni. Gefe ɗaya na bakinsa yana da kaifi, galibi da alama a jikin madannin. Kaifin ya kalli waje, wajen rarar da za a zubar. In ka juya shi, za ka datse wayar daga kebul ɗinta, kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi. Riƙe shi a miƙe, kada ya karkata, ka danna har sifirin ya buga. Fara da ƙaramin ƙarfi; babban na iya fasa allon jak. In rarar ba ta faɗi ba, murɗa ta da yatsa ta ɓalle, kada ka ja. In na kiston ne, ɗora shi a kan abu mai tauri, ba tafin hannunka ba.

Leƙa kowace waya ka tabbata ta kai ƙasan ramin. Mayar da murfin jak, domin shi ke hana waya fitowa kuma yana tare ƙurar hunturu. Ɗaure kebul a sandar baya. Velcro ya fi. In robar ɗauri ce, a bar ta yadda za ta iya juyawa da yatsa, domin in ta shaƙe rigar ta canja siffar tagwayen ciki. Inda layukan ke ɗauke da wuta, musamman na ƙa'idar 802.3bt ta 2018 mai kai wat 60 zuwa 90, kada dami ya wuce kebul 24, na tsakiya yana ɗumama. In aiki ya ɓaci kana son sakewa, kada ka mayar da wurin da haƙori ya riga ya ciza. Yanke baya, feɗe sabo. Amfanin rarar da ka bari ke nan.

Inda dole sai kan RJ45

Kyamara da na'urar Wi-Fi ta silin sau da yawa ba su da wurin soket. Bugun TIA-568.2-D na 2018 ya amince a ƙare layi da kai a wannan ɓangaren, fanel a ɗayan. Amma kan ya dace da wayar: na waya mai tauri haƙoransa na rungumar wayar ta gefe, na mai laushi kuma huda ta yake yi, in aka sa shi a mai tauri sai ya goce ko ya karya ta. Kan Cat5e ba ya karɓar kaurin 23 AWG da kyau. Rigar kebul ta shiga cikin kan har maƙogwaronsa ya danne ta, wayoyi takwas kuma su taɓa gaba. Mafi aminci shi ne kan da ake ɗaurewa kamar jak, ba tare da kirimfa, abin matse kai, ba, ko da ya fi tsada.

Gwaji, da abin da kowace alama ke nufi

Gwada kowane layi kana gamawa, kada ka jira na 24. In kana maimaita kuskure ɗaya, gara ka gane a na farko.

Ƙaramar testa mai fitilu takwas tana nuna wayar da ba ta kai ba, biyun da suka haɗe, da waɗanda suka sauya wuri. In 1 da 2 sun fito a 3 da 6, gefe ɗaya A ne ɗayan B. Layin na iya aiki saboda na'urorin zamani kan daidaita kansu, amma a gyara shi. Abin da wannan testar ba ta gani shi ne raba tagwai: an yi kuskure iri ɗaya a ƙarshen biyu, misali an jera launuka biyu-biyu a kan RJ45 har fin na 3 da na 6 suka fito daga tagwaye daban. Fitilu takwas za su kama lafiya lau, layin kuma ya yi ta zubar da bayanai, musamman in yana da tsawo. Sai testar da ke auna kutsen sigina ke kama wannan.

Suwic ɗin ma mai ba da labari ne. Gudun megabit 100 yana amfani da fin 1, 2, 3 da 6 kawai, gigabit kuwa yana buƙatar duka takwas. Saboda haka in layin da ya kamata ya hau gigabit ya tsaya a 100, fara duba shuɗi da ruwan ƙasa, fin 4, 5, 7 da 8. In yana hawa gigabit amma ƙidayar kurakuran CRC, wato bayanan da suka iso a lalace, na ƙaruwa a shafin suwic, zargi warwarar murɗi, shaƙewar ɗauri ko gajeren kebul mara kyau, kuma ka fara da sauya gajeren tunda shi ya fi sauƙi. In kyamara na kashe kanta tana tashi, auna turjiyar wayar. In layi na yankewa idan an taɓa rak, akwai wayar da ba ta zauna a haƙori ba. Da manhajar iperf3 tsakanin kwamfuta biyu, layin gigabit mai lafiya kan ba da kusan megabit 940.

Wannan duka bai kai shaidar cika ƙa'ida ba. In kwangila ce da mai gini ke son takarda, ko ana son garantin kamfanin kebul, sai na'urar tantancewa irin DSX ta Fluke Networks, wadda ke auna tsawo, raunin sigina, kutse da dawowar sigina a kowane tagwai, ta fitar da sakamakon kowace kafa. Tana da tsada ƙwarai, yawanci hayarta ake yi ko a kira mai ita. A saita ta a gwajin layin dindindin, daga fanel zuwa soket, kuma a ajin da aka saya. Gwada Cat6 a ma'aunin Cat5e dabara ce ta ɓoye aiki mara kyau, mai karɓar aiki ya duba kan takardar ya ga wane aji aka zaɓa.

Lakabin fanel da na soket su zama iri ɗaya harafi da harafi, misali A-07 na nufin fanel A kafa ta 7. Lambar ɗaki ko sunan ma'aikaci ba sa daɗewa, ana sauya su. Buga lakabin da na'ura, domin tawadar alƙalami na dushewa da zafi, sannan a manna takardar da ke nuna inda kowace kafa ta nufa a cikin ƙofar rak, a ajiye kwafinta a kwamfuta tare da sakamakon gwajin.